Rufe da Buɗe a Ɗakin Inji

Tebaram, ranar Laraba

Zuwa ga Yayana Alƙasum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar girma, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka lafiya a Tamanrasset, kai da iyali, Ya sassauta maka ciwon gwiwar nan. Mu nan sai godiya. Ƙanwarmu Sauda ta sauka lafiya a Tawa, an samu mace, sunanta Kadidiya. Gero ya yi a Bambeye, na Affala ne ruwa ya yi wa rowa.

Yaya, shawara nake nema, kuma shef, wato shugabanmu na aiki, ya ba ni zuwa ƙarshen wata in faɗa masa ko zan zauna a tashar wutar nan ko zan ajiye makulli. Ba ka manta aikinmu ba. In rana ta take, masu niƙa da masu ƙanƙara suka taso, inji ɗaya ba ya ɗaukar gari, sai a tada na biyu a haɗa su. Ni ina gaban allo ina lallashin gudun injin har allurar ma'auni ta lafa ta miƙe tsaye, kai kana can ƙarshen ɗaki, hannunka a kan disjonktar, maɓallin da ke sada inji da layin gari. Shekara goma sha bakwai ban taɓa buɗe baki ba, haɓa kawai nake ɗaga maka.

Wanda aka turo mini bana, Bashir, magidanci ne mai hankali, amma rayuwarsa duka a wajen famfunan ruwa ya yi ta. Ranar kasuwa da azahar na tada na biyu, allura ta hau daidai, na daka masa tsawa na ce ya rufe. Ka san a bakinmu rufe disjonktar shi ne a ba wuta hanya, buɗe shi kuma a yanke ta. Faransanci muka ɗauko muka sa masa rigar Hausa, har muka manta baƙo ne. Shi kuwa a wurinsa abin da aka rufe ya daina zuba. Ya duba ya ga na inji na biyu a kashe yake, sai ya ɗauka na farko nake nufi, ya finciko shi. Gari ya yi tsit. Na ji injinan niƙa na kasuwa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana kallona yana jiran in ce madalla.

Da shef ya zo daga Tawa na gaya masa laifin bakina ne, ba na hannun Bashir ba. Ya yi dariya, ya ce maganin baki da hannu duka yana hanya. Bayan mako uku aka kafa wani akwati mai haɗa injinan da kansa, yana kuma tsaron kowane disjonktar, in ɗaya ya faɗi ya yi kuka. Ba ya kuskure, wannan kam na yarda. Aka mai da Bashir Tawa, tunda aikin mutum biyu ya ƙare. Yanzu sai in wuni ban yi magana da kowa ba. Shayi nake dafawa, in zuba kofi ɗaya, sauran ya huce a buta. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Nan jinkar ce ta koyi ɗaukar kanta, aka bar hannun yana gadi.

Kaɗaici ya ishe ni, Yaya, ban iya ɓoye maka ba. Shekara biyu ka ce za ka yi, ga ta shida muna ciki, kuma duk lokacin da muka yi waya sai ka ce baɗi. Saura mini shekara uku in huta. In da gaske kana dawowa, zan daure in riƙe gidan nan da ka bari, ka iske ƙofarsa a buɗe, buɗewar Hausa. In kuwa ba ka dawowa, kada ka ji kunyata, ka faɗa mini a fili, in kulle in koma Tawa kusa da Sauda. Shi ya sa na rubuta, don a waya kana iya kauce mini da dariya.

Ka gaida Tanna matarka, da su Souleyman da Zahara. Sauda da maigidanta Adamu suna gaishe ka.

Naka ƙane mai jiran kalma ɗaya,
Muktari