Kwalbar Cibiya da Idon Takwaranka

Unguwar Nassarawo, Mubi
Watan Agusta, 2016

Zuwa ga Kawu Ishiyaku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da Gwaggo Umaima da yara. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka a kan titunan Abuja. Mu nan da sauƙi. Damina ta yi kyau, mayo, kogin nan namu, ya cika har ya taɓa gonar Baba ta hanyar Kwaja. Kasuwa tana farfaɗowa tun dawowarmu daga gudun hijirar da muka yi Kamaru, ni ma na sake buɗe teburin gyaran waya.

Kawu, na ji saƙonka ta bakin Baba. Ka ce gwamnati ta sakar wa ofishin da kake tuƙa wa mota kuɗin bincike, a gano yadda abin da likitoci suka sani zai isa hannun talaka, kuma ka sa sunana cikin samarin da za su bi gida-gida da tambayoyi. Na gode. Amma ka san bakina ba ya riƙe magana, kuma akwai abin da Baba ya ɓoye maka don kada hankalinka ya tashi a kan sitiyari. Ni zan faɗa.

Ka san Yaya Na'imatu ta haihu, aka sa wa yaron sunanka. A ƙaramin asibitin da ta haihu ma'aikaciya ɗaya ta rage tun bayan gudu, Margret. Ita ce ungozoma, ita ce mai allura, ita ce mai shara. Ranar sallama mata sun yi layi har bakin titi. Ta miƙa wa Kaka Hussaina wata 'yar kwalba, ta ce a riƙa ɗiga wa jariri kullum. Maganin cibiya ne, wai an gwada shi a ƙasashe da yawa an ga yana hana cibiya ruɓewa. To amma kwalbar, Kawu, da tsininta da murfinta, sak irin wadda Kaka take ɗiga wa nata idon. A wurin Kaka kuwa cibiya ba a ɗiga mata komai, gasa ta ake yi da tsumma mai ɗumi, yadda ta gasa tawa, ta gasa taka. Sai ta gasa cibiya, ta ɗiga magani a ido, tana bismillah. Yaro ya tsala kuka, ta ce ai magani mai kyau dama da zafi. Washegari ta ƙara.

Ina Yola sarin kayan waya lokacin. Na dawo na tarar idanun sun kumbura, daga baya suka yi fari kamar an zuba nono. Gargaɗin yana jikin kwalbar, da Turanci, rubutu ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Ni da na koyi karatu a jaridar ƙunshin tsire, sai da na fita rana na ƙanƙance ido kafin na haɗa shi. Wa aka rubuta wa? Kaka?

Mun kai shi Yola. Likita ya haska, ya ce na dama ya tafi, na hagu kuma a gwada manyan likitocin ido a Kano ko Kaduna, amma kada mu sa rai da yawa. Margret ta zo gida har sau biyu tana hawaye, tana rantsuwa cewa ita a cibiya ta ce a ɗiga. Kaka ta ce ita ɗiga kawai ta ji. Ban ga laifin ko ɗaya ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma daddawar nan ba a Mubi aka kwaɓa ta ba. Kaka yanzu ba ta ɗaukar yaron. Ko an miƙa mata sai ta ɓoye hannuwa cikin zane.

Shi ya sa da na ji maganar bincikenku raina ya ɓaci. An yi bincike an gano magani, yanzu za a yi binciken yadda za a kawo binciken, gobe kuma a binciki dalilin da bai iso ba. Ihu bayan hari, mu 'yan Mubi mun san shi. Ban ce ilimi banza ne ba, da banza ne da ban wahala na koyi karatu ba. Amma kafin su gama taro a otal su buga rahoto, kwalaben nan suna cikin gidajen Gude da Kwaja, hannun tsofaffi masu kyakkyawar niyya. Aikin zan karɓa, ba don na yarda da shi ba, sai don ƙofar da zai buɗe mini: in sun ba ni tambaya, ni kwalba zan nema.

Roƙona biyu. In ka ɗauko manyanku a mota, ka daure ka faɗa musu su canza kwalbar, ko su zana cibiya a jikinta. Wannan ba ya buƙatar digiri. Na san direba ba a tambayarsa, amma ka faɗa. Na biyu, ka tambaye su ko sun san likitan ido da zai duba na hagun da wuri, don kullum farin ƙara yaɗuwa yake. Yaya Na'imatu tana kunna masa tocilan kowace safiya, tana cewa ya ƙifta. Ni ban gani ba, kuma ban ƙaryata ta ba.

Ka gaishe da Gwaggo Umaima, da Nasrullahi da Na'ima, da maƙwabcinka Malam Jatau. Baba da Inna suna gaisuwa. Kaka ta ce ka yafe mata, na ce babu abin yafewa, ta ce dai in rubuta. Takwaranka ma yana gaishe ka. Motar wasa mai fitila da ka ce za ka aiko masa, ka bar ta, Kawu. Ka nemo mai ƙara.

Ɗanka mai ƙaunarka,
Mubashshir