Sunan Jaririn Lorene

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma sanyin Alaska bai tayar maka da ciwon gwiwa ba. Allah ya tsare ka. Mama lafiya, Yaya Lorene ta haihu ranar Talata, namiji.

Baba, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Safiyar da ka tafi, na gan ka ta tagar kicin. Ka taɓa bakin hularka, ni kuma na ɗaga maka hannu, ban tashi Mama ba. Na ɗauka irin tafiyar nan ce ta finafinan kaboyi da muke kallo tare, ɗan fashi mai zuciyar kirki ya hau doki don kada masifa ta biyo mutanensa. Shekara uku ina kare ka a raina da wannan. Sai bana na lura fim ba ya nuna wadda aka bari da wanke-wanke.

Har yanzu ana wasan harbe-harben nan na 'yan yawon buɗe ido a babban titi, kullum da tsakar rana. Wani ne yake sa baƙar hular Cade, ɗan fashin da kake fitowa a matsayinsa. Bai iya faɗowa daga rufi ba, sai ya faɗo kamar buhun dankali.

To, Cade ɗin Yaya take so ta sa wa yaron. Mama ta ce ba za ta goya jika mai sunan magujin gida ba, ko kare sai ta yi tunani. Yaya ta ce ai Mama ce ta fara auren hular. Asibiti kuwa suna son takardar suna kafin sallama ranar Jumma'a, sai Mama da Yaya suka ce ni in raba gardama, wai mai karatun littattafan soyayya ba ta rasa suna.

Na kasa zama wuri ɗaya, shafi guda nake ta maimaitawa. Na san wasiƙar nan ba za ta riske ka kafin Jumma'a ba, kuma da gangan ban kira ka ba. Amos zan rubuta, sunan Kaka, wanda bai taɓa hawa doki ba, bai kuma taɓa barin kowa ba.

Ka gaida Inna Dorcas da Wendell ɗinta. Sau biyu ina cusa wasiƙar nan cikin littafi don in ɓoye, amma ga babbar motar Baffa Otis tana ɗumi a ƙofa zai yi arewa wajenku. Zan miƙa masa.

'Yarka,
Twila