Abin da Na Faɗa wa Zalhata

Juma'a da dare, Guangzhou

Yau bakina ya ja mini. Bayan an sauko daga masallaci na haɗu da Zalhata, ƙawata 'yar tsibirin Komoros, muka wuce kasuwar titin Zhanxi Lu duba takalma. Tana juya wani takalmi a hannu ta ce an yi mata gwaji, an samu ƙwayar HPV, irin mai jawo sankarar bakin mahaifa. Wai likita ya ce ta yi yawa a matan tsibirai irin nasu, wasu ba su ma san suna ɗauke da ita ba.

Ni kuma sarkin iyayi na ce, "Allah ya kyauta. Mu dai matan aure ba ruwanmu."

Ta ajiye takalmin. "Hajiya, shekarata ashirin da aure. Ban san kowa ba sai mijina."

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ga shi barci ya gagara. Haihuwata biyar, ban taɓa yin gwajin nan ba. Kuma wata uku ke nan ina ganin jini ba lokacinsa ba, ina cewa gajiyar tafiya ce.