Babin da Yaya Ya Danne

Litinin, 6 ga Mayu

Injiniya ya gama haɗa babbar kwamfutar ɗakin baya da ma'ajiyar intanet. Gajimare wai ake ce mata. Abin da na rubuta a gida zai sauka maɗaba'armu da kansa, abin da Yaya ya taɓa a can zai iso ni. Madalla. Na huta da zama kusa da mutumin da ke sa waƙafi duk inda numfashinsa ya ƙare. Na faɗa masa haka. Ya ce, "Shagon ma zai sarara."

Alhamis, 9 ga Mayu

Na yini wurin Inna, tsohuwar ungozomar da za mu buga littafin rayuwarta. Ta ce akwai babin da ta ɓoye. Haihuwar 'yarta ce, ita ta karɓa, jaririyar ta rayu, uwar ba ta tashi ba. Tana faɗa ina bugawa cikin fayil ɗin littafin kai tsaye. "Rubuta yadda na faɗa, 'yar nan, kar ki sa masa kwalli." Ba ta yi kuka ba. Duk karance-karancena ban taɓa cin karo da irin wannan ba.

Talata, 21 ga Mayu

Jikar Inna ta kira, ita ce jaririyar nan. Ɓarin jikin Inna ya shanye, baki ya tafi. Jikar tana so a hanzarta littafin, kuma ita ba ta taɓa jin yadda aka haife ta ba, kakar ta ce ta jira ta karanta.

Na buɗe fayil. Babu babin.

Laraba, 22 ga Mayu

Ga yadda aka yi. Yaya kullum da safe sai ya buɗe duk aikin da ke hannu, ya bar su a buɗe, ko ya taɓa ko bai taɓa ba. In zai tashi ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana danna adanawa, kamar yadda yake jijjiga kwadon ƙofa. Ran Alhamis ɗin nan tsohon fayil ya buɗe da safe, ya adana shi da yamma a kan nawa. Gajimare ya karɓa ya kawo min gida, ya shafe wanda ke kwamfutata ma. Aiki tsaf.

Injiniya ya ce, "Anti, na'ura ba ta san wanda ya fi muhimmanci ba, na ƙarshe take ɗauka." Tsofaffin kwafi fa? Na 'yan kwanaki take ajiyewa, sun wuce. Ya faɗa yana murmushi irin na likitan haƙori.

Juma'a, 24 ga Mayu

Na wanke Yaya tas a gaban masu ɗinkin littafi. Har abin da bai shafi maganar ba na tono. Bai rama ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. "Ni fa adanawa na yi, ƙanwata." Ya maimaita, a hankali, kamar kansa yake gaya wa.

Wa zan shaƙe? Akwatin ƙarfe?

Lahadi, 26 ga Mayu

Na gwada rubuta shi da ka. Na tuna kwanon ruwan zafi, na tuna ta ce hannunta ya riga ta sani. Sauran duk ni ce, sumul, da jimloli masu takalmi. Inna ba haka take magana ba. Na goge.

Litinin, 27 ga Mayu

Komai ban yi ba.

Laraba, 29 ga Mayu

Asibiti. Yaya ya kai ni, ya ƙi shiga. Na gaya wa Inna gaskiya. Ta kalle ni, ta kalli jikarta, ta sake kallona. Ban san me take nufi ba, na dai zauna na ba yarinyar abin da na riƙe, gutsi-gutsi, da bakina. Ta ce, "Haka ta faɗa?" Na ce wani haka ne, wani ban sani ba. Littafin zai fita babu babin.

Da yamma Yaya ya kira daga shago. "Zan tashi. In danna?"

Na ce ya danna. Ina ji yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunan kowane, yana jira in ce to. Fayilolin da yawa. Ban katse wayar ba, don kar ya sake wata ɓarnar ne kawai.