Jakin da ya ceci ƙofar Kaka Lali

Lamu, ranar Asabar

Zuwa ga yayata Mwanahawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙani mai ladabi, wanda kin san ba kullum nake zama shi ba, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Bwanaheri da yara, ya kuma sassauta muku zafin Maskat da kike ta kuka da shi. Mu nan kowa ƙalau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har ta koma suyar mahamri, fanken nan namu, da safe, kuma har yau ni take harara in guda biyu suka ɓace daga kwano. Ni ma ina nan yadda kika bar ni. Da safe ina gaban kwamfuta ina zana katin biki da allon shago da tambarin masu kwale-kwale, da la'asar in faɗa teku in yi ninƙaya, in fito in lallasa samarin bakin ruwa a wasan bao, darar nan tamu. Na zaɓi in rubuto maimakon in kira ki a waya ne saboda a takarda ba za ki iya katse ni ba, kuma akwai wurin da za ki so katse ni.

Kin tuna babbar ƙofar gidan Bi Tima, wadda Kaka Lali, mahaifin Baba, ya sassaƙa da hannunsa? Gara ta cinye katakon samanta daga ɓangaren hagu, sai da aka taɓa ya zube kamar gari. Bi Tima ta ba Baba aikin gyara, amma ɗanta da ke Mombasa ya ce mako biyu kawai zai jira. In Baba bai kawo zanen abin da ya ɓace ba, za a cire ƙofar a kai wa masu injin sassaƙa su yi sabuwa. Yaya, kwana huɗu Baba yana zaune da fensir da takarda, ya zana ya yage. Ya ce ya san akwai wani abu a kusurwar nan, amma ya ƙi zuwa masa. Ko gahawarsa ta daina shiga.

Sai na ce bari mai kallon talabijin ya gwada, don kin san haka yake kirana saboda sana'ata. Na ɗauki hoton ɓangaren dama da ya tsira, na bi kowane ganye da kowane fure na zana, na juya shi ya koma hagu, na buga a babbar takarda na kai masa ina taƙama. Ya duba bai fi na minti ɗaya ba ya miƙo mini. Ya ce wannan aikin madubi ne, mahaifinsa bai taɓa yin gefe biyu iri ɗaya ba, kuma da ya sassaƙa ƙarya ya jingina wa mamaci gara a kai ƙofar Mombasa. Na bi gida-gida ina roƙon tsofaffin hotuna, tunda duk amaryar unguwarmu a gaban ƙofar nan take tsayawa. Na samu goma sha ɗaya, amma duk kawunan mutane aka ɗauka, saman ƙofar bai fito ba. Na bikinki kuwa, kin san ruwan da ya yi yoyo a ɗakin Mama ya manne su wuri ɗaya.

To, ga wurin da za ki so katse ni. Hoton nan na bikinki da ya zagaya wayoyin dangi shekara uku da suka wuce, wanda aka sa wa ango kan jaki, ba Kombo ɗan Gwaggo ba ne ya yi shi. Ni ne. Kombo ko kunna kwamfuta bai iya ba. Ina cikin ruwa na tuna cewa saboda tsawon mijinki sai da mai hoto ya ja baya sosai, don haka ƙofar ta fito gaba ɗayanta. A aikinmu ba a ɓata hoton asali, sai dai a ɗora wani a kansa kamar mayafi, ranar da aka so a yaye. Na fito da gudu ko jikina ban goge ba, na ɗauki kwamfutar na nufi rumfar Baba. Kuskurena ɗaya, ban buɗe na duba a hanya ba.

Baba na zaune, Bi Tima ta zo jin inda aka kwana, na buɗe, sai ga ki cikin kwalliya kina murmushi, gefenki jaki da hula da kunnuwa har saman ƙofa. Bi Tima ta rufe baki da gefen mayafinta, kafaɗunta na rawa. Baba ya dube ni ta saman tabarau ya tambaya ko abin da na yi shekara da shekaru ina koyo ke nan. Na ce ya yi haƙuri ya kalli kunnen hagu. Na danna, jakin ya ɓace, Bwanaheri ya dawo mutum, kuma daidai inda kunnen ya rufe sai ga kusurwar da gara ta ci. Na ƙara girmanta har ta cika fuskar kwamfutar. Ba fure ba ne kamar na dama. Wani ɗan kifi ne, ya lanƙwashe a tsakanin ganyaye.

Baba ya gyara tabarau ya matso kusa da kifin. Daga baya ya gaya mana cewa yana da shekara tara ya saci ƙarfen sassaƙar Kaka ya taɓa furen nan, hannunsa ya goce ya ɓalle rabinsa. Ya ɓuya a bayan masallaci yana jiran duka. Kaka bai dake shi ba, ya zauna ya mayar da ɓarnar ta zama kifi, ya ce masa ga sa hannunka nan a ƙofar mutane. Shekara hamsin da wani abu, ya manta da kifin, tsoron kawai yake tunawa.

Kwana biyu na yi ina bin layin kifin nan a kwamfuta, Baba na tsaye a kaina yana cewa ƙara wa wutsiyar kauri, rage idon. Na buga shi daidai girman katakon, ya manna ya bi da ƙarfe. Ranar Alhamis aka ɗora, 'yan unguwa suka taru, ɗan Bi Tima ya gani a waya ya ce a bar maganar inji. Da Bi Tima ta fara yi wa Baba godiya, sai ya nuna ni da haɓa ya ce, "Ki gode wa fundi, shi ya zana, ni sassaƙa kawai na yi." Fundi fa, Yaya, sunan gwanin sana'a da ake kiran Baba da Kaka da shi, a gaban jama'a. Don in rufe kunya sai na duƙa na hau tattara kayan aikin Baba.

Saura roƙo biyu. Ki kira Kombo ki ba shi haƙuri, shekara uku kina amsa gaisuwarsa da hanci. Sannan ki lallaɓa mini Bwanaheri, ki ce masa tsawonsa ya yi wa zuri'ar Kaka Lali rana. Kada dai ki gaya masa cewa Baba ya sa na buga masa hoton nan mai jakin, yana nan cikin akwatin kayan aikinsa, kuma jiya na kama shi yana leƙawa yana dariya shi kaɗai.

Mama tana gaishe ki, ta ce turaren ya iso. Ki gaida Bwanaheri da girmamawa ta gaske, ki shafa mini kan Swaleh da Nuru, ki ce kawunsu zai koya musu ninƙaya in kun zo da salla. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninki,
Fundi Famau