Zuwa ga Baba, Kan Maganar Gurguwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa ta ɗa ga mahaifinsa, da fatan Allah ya sa kana cikin ni'imarsa. Ni ne Habu. Ina nan a rumfar goronka ta kasuwar Maigatari, sai dai na gaji, Baba, wallahi na gaji.

Ka san naira ta daɗe da rabuwa da silalla, sai mutanen tsallaken iyaka ke shigo mana da na kuɗinsu, sefa, ran Alhamis. Kowa aljihu yake jefa su, kai kuwa sai ka ɗaga kowace ka duba. Ka duba baki, ka juya baya ka ga ko ya daidaita da gaba, ka bi rubutun ko hatimi ya hau sau biyu. In ta fito da aibu tun daga wurin bugu, sai cikin gwangwanin madara. Kana cewa, "Injin Bature ma yana tuntuɓe, balle ɗan Adam."

Kai ka nuna min bambanci. Wadda mota ta taka ko aka daka da guduma, raunin yana da kaushi. Wadda aka haifa haka, sumul take.

Akwai dala ashirin ɗin nan, sefa ɗari, da hatiminta ya zame gefe ya bar fili kamar jinjirin wata. Gurguwa kake kiranta. Ni kuwa dariya nake maka, ina cewa tsufa ya kama Baba.

To ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ran sadakar ukunka, mata suka zo gaisuwa daga ƙauyukan tsallake. Ka san ba a sallamar baƙo hannu rabbana, naira kuma ba ta yi musu amfani a gida. Na buɗe gwangwanin na rarraba musu, ko dubawa ban yi ba. Tarin shekara talatin, kafin la'asar ya ƙare. Sai da Inna ta gama takaba ta ce min ka bar wasiyya a ba ni Gurguwa. Kaico!

Shekara shida ke nan ina juya duk silallar da ta shigo hannuna. Masu saye suna tsaye suna tsaki, ni ina ɗaga kuɗinsu sama kamar mai duban wata. Yanzu ni ake wa dariya. Na kai har kasuwar Sule Tankarkar ina bin masu canji. Idon ma ya fara yana, likita a Gumel ya ce sai an yi aiki. Tsorona kada ya rufe ban gan ta ba.

Alhamis da ta wuce wata tsohuwa ta zo sayen goro. Ta kwance bakin zanenta, ta ware silalla ɗaya gefe ta ce ban da wannan. Ban yarda da idona ba, sai na roƙe ta na taɓa. Yatsana ya bi filin nan, sumul. Baba, Gurguwa ce.

Na ce ta faɗi ko nawa ne. Ta ce ba ta sayarwa ba ce. A gidan wata rasuwa aka ba ta, ta kai wa mai gishiri ya ƙi karɓa, wai ta banza ce, sai ta ƙulle ta. Tun daga ranar, duk sanda ta kwance ƙullin nan ta gan ta, sai ta roƙa wa mamacin gafara, ko sunansa ba ta sani ba.

Na riƙe ta na ɗan lokaci. Na tuna inda zan kai ta, gwangwani ne a ƙarƙashin gado.

Na mayar mata, na ƙara mata goro biyar, na ce mata sunan mamacin Malam Isa.

Ka yafe min, wasiyyarka ba ta cika ba. Na daina juya silalla, idon nan ya huta.

Allah ya haskaka kabarinka, ya tsawaita ran tsohuwar nan.

Ɗanka,
Habu mai goro