Na Ci Mutuncin Askar Babana da Turanci

Anti Adawiyya, assalamu alaikum. Don Allah ki taimaka mani, na yi abin da ko aminiyata na kasa faɗa mata. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare a nan Kusada, kuma babana wanzami ne. Ki riƙe wannan, don shi ne duk maganar.

A jarrabawar gwaji da muka yi kafin WAEC, tambayar insha'in Turanci ta ce mu rubuta wa ɗan'uwan da ya shekara goma bai zo gida ba, mu bayyana mashi yadda garinmu ya sauya. Malamarmu, Malama Vero, ta sha koya mana dabarar: ka raba takardarka biyu, nan yadda ake a da, nan yadda ake yanzu, bambancin ya fito fili yadda mai maki ba zai sha wuyar gani ba. Ni kuwa da rawar kaina sai na ɗauka duk abin da yake na da sai ya zama mummuna. Na kawo 'yan acaba da suka maye gurbin jakuna, na kawo fitilun sola da shagunan cajin waya. Da na ga takarda ba ta cika ba, sai na tuna tsamiyar bakin kasuwa da aka sare aka gina kemis a wurin. Na rubuta cewa da can jahilan wanzamai ke zama gindinta suna yankan mutane da ƙazaman asake, yanzu kuwa Allah ya raba mu da su.

Anti, wanzami ɗaya ne ke zama gindin tsamiyar nan, babana. Kuma ƙarya na yi. Tun ina firamare ni ke ɗora mashi ruwa kowace safiya, ya zuba asakensa su tafasa kafin ya maida su zabira. Da hannuna! Na dai ga kalmomin sun zauna daidai, na ce ai Turanci ne, daga ni sai mai maki.

Sai insha'in ya zo na ɗaya. Ranar taron iyaye aka sa na karanta. Baba yana layi na biyu da sabuwar hularsa, yana ta murmushi duk da ba ya jin ko kalma ɗaya. Ina gamawa mataimakin shugaban makaranta ya karɓi takardar, wai bari ya fassara wa iyaye kowa ya amfana. Innalillahi! Layi-layi ya bi, bai tsallake komai ba. Mutane suka fara waiwaye, wasu na dariya ƙasa-ƙasa. Baba bai tashi ba, har tafi ya yi da aka miƙa mani kyautar ƙamus.

Yau kwana tara. Bai yi mani faɗa ba, da ma ya yi! Ya dai daina cewa in ɗora ruwa. Shi ke hura wuta da kansa, kuma ba a tsakar gida ba, a ƙofar zaure, inda duk mai wucewa zai ga tukunya na tafasa. Inna ta ce wani gida da suka saba kiransa askin suna sun ɗauko wanzami daga Dudunni. Ga Malama Vero, ita baƙuwa ce a garin, ba ta san sana'ar babana ba, ta sa sunana a gasar makarantu da za a yi a Kankia ranar Asabar, in je da insha'in nan, ta ce kada in taɓa ko waƙafi. Ina son gasar, ba zan ɓoye maki ba. Amma kunya ta hana ni haɗa ido da Baba. In janye ne? Ta ina ma zan fara ba shi haƙuri, mu da ba mu saba irin wannan magana da iyaye ba?

Taki, 'Yar Wanzami, Kusada.

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yata. Kin yi kuskure, kuma ba zan rage miki girmansa ba, domin sunan mutum a sana'arsa kika taɓa a gaban jama'a. Sai dai kunyar da ke damunki ta nuna tarbiyyar da ya ba ki tana nan.

Ba na ganin laifin malamarki sosai. Bambanci ta ce ki nuna, ba ta ce ki zagi kowa ba. Tambayar ta nemi ki faɗi abin da yake wurin a da, da abin da ya zo ya maye gurbinsa. Kina iya yabon kemis, domin yana da amfani, kuma gaskiya ne akwai wanzaman da ba sa kula da tsabta. Mahaifinki dai ba ya cikinsu, ke ce shaida.

Kada ki janye. Ki sami Malama Vero ki gaya mata ko wane ne mutumin gindin tsamiya, ki ce za ki sake wannan sakin layi. Idan ta ƙi, to ki haƙura da gasar, amma ina kyautata zaton ba za ta ƙi ba. Tunda a bainar jama'a aka ji ƙaryar, ki roƙi makaranta a karanta gyararren a taro na gaba, da fassararsa.

Mahaifinki kuwa, ba doguwar magana yake jira ba. Ki durƙusa ki ce masa kin yi ƙarya, ya yafe miki. Idan baki ya yi nauyi, Inna ta zauna kusa da ku. Bayan nan ki tambaye shi yadda bakin kasuwar nan yake a da, su wa ke zama, wa ya sare tsamiyar, ina mutanen suka koma. Babu wanda ya fi shi sani, kuma daga bakinsa za ki sami insha'in da ya fi na farko. Kafin ki kai shi Kankia, ki karanta masa da Hausa, shi kaɗai.

Gobe da safe ki riga shi tashi ki hura wutar nan. A ƙofar zauren za ki hura ta, inda yake hurawa, mutane su ga 'yar da ta rubuta takardar ita ce ke tafasa ruwan. Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Anti Adawiyya